Ruwan Gishiri a Firizar Maƙwabciyata

A Jos aka haife ni, a Jos na yi karatu, a can kuma na fara koyarwa. Da aka yanko jihar Nasarawa daga Filato, sai aka buɗe fayil ɗin kowane ma'aikaci aka duba inda aka rubuta asalinsa. A nawa an rubuta garin Nasarawa, garin mahaifina, wanda ban san komai nasa ba in ban da sunan unguwarmu. Haka na tsinci kaina cikin waɗanda za su koma sabuwar jiha. Aka tura ni wata sakandare ta 'yan mata a Keffi in koyar da labarin ƙasa.

Maigidana ya ce abin ya zo daidai, tunda shi ma bai daɗe da samun aiki a wani ofis a Abuja ba, kuma a ganinsa Keffi da Abuja kusan gari ɗaya ne. Ya kama ɗaki shi da abokan aikinsa a Nyanya, ni kuma muka kama mini ciki da falo a wani gidan haya da ke bayan kasuwa. Shirin shi ne ya riƙa zuwa Juma'a da yamma ya koma Litinin da asuba. Allah bai ba mu haihuwa ba, saboda haka sauran kwanakin ni kaɗai ce.

Gidan ƙofa huɗu ne suna kallon tsakar gida ɗaya. Biyu na wasu ma'aikata ne da ke zuwa Abuja kullum, waɗanda na fi sanin takalmansu a bakin ƙofa fiye da fuskokinsu. In na taso daga makaranta da ƙarfe biyu sai in yi salla, in ci abinci a tsaye, in baje littattafan ɗalibai a kan tabarma in yi ta gyara da jan biro har la'asar. Zafin garin ya wahalar da ni, ni da na saba da rigar sanyi. Abokan aikina mutanen kirki ne, amma kowacce da gidanta da danginta a cikin gari, ana tashi kowa ta kama gabanta. A wani hutun rabin zango na yi kwana biyu ban buɗe baki na yi magana da kowa ba. Sai da na je sayen burodi na ji muryata ta fito a shaƙe, har mai shagon ya tambaye ni ko mura nake yi.

Ƙofa ta huɗu ta wata dattijuwa ce, ’yar ƙabilar Alago daga Keana, wadda mijinta ya rasu. Ɗanta guda ɗaya direba ne a Abuja, shi ya sayo mata wata tsohuwar firiza mai faɗi da ta cinye rabin falonta. Takan ɗura ruwa a ledoji ta ƙulle ta jera a ciki, in sun daskare masu zoɓo da kunun aya da masu shago su zo su saya. Duk unguwar Mama mai ƙanƙara ake ce mata, ni kuwa Mama kawai nake cewa. Hausarta ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, kuma ba ta da yawan magana. Watanni shida muka yi ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana da sannu da aiki. Ina ɗaukarta mai son zaman kanta ce. Daga baya ta ce mini ita ma haka ta ɗauke ni, ta ce ta ga ’yar boko da tabarau sai ta ja jikinta.

Abin da ya haɗa mu a aji ya fara. Ina koya wa ’yan aji biyar yadda ruwan teku ke gudana, na zana taswirar duniya a allo da kibiyoyi, waɗannan masu ɗumi, waɗannan masu sanyi, kamar yadda aka koya mini. Ni da su babu wadda ta taɓa ganin teku. Na ambata a wuce cewa can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu na duniya sanyi kan kai har saman teku ya daskare. Sai wata yarinya ’yar Garaku, wadda ke zama a bencin baya kuma ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Malama, in tekun ya daskare, ƙanƙarar tana da gishiri?"

Na amsa ba tare da na tsaya tunani ba. Na ce ƙwarai kuwa, ai abin da mutum ya zuba a leda shi zai tarar, in ka daskarar da zoɓo ƙanƙarar zoɓo za ka samu. Yaran suka yi dariya suka rubuta. Ita ma ta rubuta. Amma ina goge allo na ji amsar ba ta zauna mini ba, domin na san daga kaina na ƙago ta, ba wanda ya taɓa faɗa mini haka.

Makarantar tana da ɗakin karatu da ake kullewa, makullin na hannun mai kula da sito. Washegari na karɓa na shiga. Gara ta ci rabin littattafan, amma a ƙasan wani kanta na sami wani tsohon littafi kan tekuna, bangonsa ya cire. A tsaye na karanta babin da nake nema, kuma tun layukan farko na gane na yi wa yara arba'in ƙarya.

Ga abin da na fahimta. In saman teku ya fara daskarewa, ƙanƙarar ruwan kawai take kamawa, gishirin kuwa ba ya samun wurin zama a jikinta, sai ta riƙa turo shi waje. Kaɗan yakan maƙale a cikin ’yan ƙananan ramuka, amma a hankali shi ma yakan tsiyaye ƙasa, har tsohuwar ƙanƙarar da ta shekara mutanen can kan narka ta su sha. Ruwan da ke ƙarƙashinta shi ke karɓar duk gishirin da aka turo. Ga shi da tsananin sanyi, ga ƙarin gishiri, kuma kowanne daga cikin biyun yana ƙara wa ruwa nauyi. Sai ya nutse, ya gangara har ƙasan teku, ya kama rarrafe a can cikin duhu yana nufo tsakiyar duniya. Ruwan saman teku mai ɗumi kuma sai ya taho ya cike gurbinsa. Littafin ya ce wannan zagaye kan ɗauki kusan shekara dubu kafin ruwan da ya nutse ya sake ganin rana. Ashe kibiyoyin da nake zanawa a allo na sama ne kawai, akwai wata tafiyar a ƙarƙashinsu da ban taɓa jin labarinta ba.

Na fito da kunya, amma kuma da wani irin ɗoki da na daɗe ban ji ba, kuma babu wanda zan faɗa wa. Na jira har Juma'a. Maigidana ya iso a gajiye, rigarsa ta manne da gumi saboda cunkoson mota. Na ba shi labarin yana cin abinci. Ya saurara, ya ce abin mamaki ne, sannan ya tambaya ko ana kawo wannan a jarrabawa. Na ce ba na jin ana kawowa. Ya ce to in bar shi kawai, yara ba za su tuna ba, kuma malami ba ya son ya riƙa janye maganarsa a gaban ɗalibai. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Mutum ne da ya yini a tsaye, yana so ya kwanta.

Ni kuwa na ƙudurta zan gyara maganar, amma ba na so in sake faɗin abin da ban gani da idona ba. Littafin ya faɗi yawan gishirin ruwan teku, na lissafa ya zo kusan babban cokali biyu a lita guda. Ranar Litinin na haɗa ruwan a kwanon silba, na ɗauka da hannu biyu na tsallaka tsakar gida, na yi sallama a ƙofar Mama.

"Mama, alfarma nake nema. Ki ɗan ba ni wuri a firizarki in sa kwanon nan."

Ta kalli kwanon, ta tsoma yatsa ta lasa. Ta ɗago ta dube ni.

"Ruwan gishiri ne wannan, Malama. Magani za ki yi?"

Na yi mata bayani iya yadda zan iya, ina jin kaina kamar mai taɓin hankali. Na zaci za ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta ce gishiri da ƙanƙara ba sa shiri, ta taɓa ganin ƙullin gishiri ya fashe a kan ledojinta ya huda su kamar an zuba ruwan zafi. Ta ce in na yarda a rufe kwanon a ɗaure shi da leda, za ta sa shi a kusurwa. Da na tashi fita ta tambaye ni ko wannan tekun da nake faɗi ya fi tafkin garinsu gishiri. Na ce ban sani ba. Ta ce ita kam ba ta jin ya fi.

Gwajin farko bai yi ba. A ranar aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu. Ledojin Mama duk suka koma ruwa, masu zoɓo suka yi ta zuwa suna juyawa. Ta zauna a bakin ƙofa tana fifita, ba ta yi ƙorafi ba, ta ce ta saba. Na biyu kuma wutar ta zauna har kwana uku, kwanon ya daskare gaba ɗaya. Muka fasa shi da taɓarya a kan tire. Ƙanƙarar fara fat, mai rugurgujewa, kuma duk ɓangaren da na sa a baki gishiri ne. Na ce ko dai littafin ne ya yi kuskure, ko kuma Turancin ne ban gane ba.

Mama ta daɗe tana juya wani gutsure a tafin hannunta. Sannan ta sa na maimaita mata yadda abin ke faruwa a tekun, a hankali. Da na zo inda na ce saman ne ke daskarewa, ta tsayar da ni.

"To ai ke ce kika yi ba daidai ba. Kwanon silba sanyi na shigarsa ta sama, ta ƙasa, ta gefe. Ina kike so gishirin ya gudu? An tare masa hanya."

Ta ce ta taɓa mantawa da ruwa a cikin ƙaramar kula a firizar, ba murfi, washegari ta tarar saman ya yi ƙanƙara ƙasan yana nan ruwa, domin jikin kula ba ya barin sanyi ya ratsa. Ta tashi ta ɗauko kular, ta wanke, ta ce in sake haɗa ruwan, amma in rage kaɗan a kwalba mu ajiye don mu gwada da shi. Ta ce sauran in bar mata, ita za ta san lokacin cirewa. Wannan dabarar ba ta cikin littafin, kuma ni da takardar digiri a akwati ba ta zo mini a rai ba.

Ranar Laraba ina shigowa gida, tun ban ajiye jaka ba, na ji ta daga falonta tana cewa, "Malama, zo ki ga tekunki."

Saman kular ya daskare, kaurinsa kamar yatsu uku. Ta zagaye gefen da wuƙa, ta ɗago ƙanƙarar faifai guda, ta ɗora a kan kwando ta ce mu bar ta ta tsane. Ƙasanta ba sumul yake ba, wasu siraran haƙora ne jere kamar na mataji, ruwa na ɗiga daga tsakaninsu. Bayan ɗan lokaci ta ɗauraye ta, ta ɓalli gefe ta miƙo mini. Akwai gishiri, amma kaɗan, kamar miyar da mai ciwon hawan jini zai sha. Na kurɓi na kwalba, wanda muka ajiye, na yamutsa fuska. Sannan na kurɓi wanda ya rage a ƙasan kula. Sanyinsa ya kama mini haƙori, gishirinsa kuma har ɗaci-ɗaci yake. Na zauna a kan buhun ledojinta ina dariya ni kaɗai.

Ita ma ta ɗanɗana na ƙasan, ta juya shi a baki kamar mai sayen man shanu, ta tofar. Ta ce wannan ya fara zama ruwan kirki, amma da uwarta ce sai ta ce a sake tacewa. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce a Keana ta tashi, kuma tun tana ƙarama take aikin gishiri tare da uwarta. Sukan ɗebo ruwan tafki su yayyafa a kan ƙasa, rana ta busar, su kankare ƙasar su zuba a tukwane masu huji, su ƙara ruwa ya tsiyayo ta ƙasa, sannan su dafa har ya ƙafe. Ta ce hayaƙin itace ya cinye idon uwarta tun ba ta tsufa ba. Da na ce mata littafi ya ce ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, sai ta dube ni kamar na ce mata wuta na da zafi. Ta ce wannan ai wuyansu ne ya koya musu. Tulu ɗaya, in ka ciko shi a rafi daban, in ka ciko shi da tataccen ruwa daban, tun kafin ka kai gida za ka san bambanci. Ta ce kuma in ka zuba mai ƙarfi a hankali cikin marar ƙarfi ba ya haɗuwa nan take, ƙasa yake wucewa ya kwanta.

Ranar har aka kira magariba ina falonta. Tun da na zo Keffi ban taɓa zama da wani muna hira haka ba.

Maganarta ta ƙarshe ita ta ba ni dabarar da zan nuna wa yara nutsewar. Na aro wata doguwar roba mai haske daga mai shago, irin wadda ake zuba alawa, muka kwantar da ita muka yanke samanta. Muka cika ta da ruwan gishiri irin na farko. Na ɗebi na ƙasan kula a kofi na sa masa ɗan shuɗin wanki, irin wanda ake sa wa fararen kaya, na tsiyaya shi ta jikin cokali a gefe guda. Ya sauka kai tsaye kamar an ja shi da zare, ya taru a ƙasa, sannan ya miƙe yana jan ciki a hankali har ya kai ɗaya gefen, ruwan da ke sama bai ko canja launi ba. Muka narkar da ƙanƙarar muka sa mata shuɗin ita ma, muka zuba. Wannan kuma ya ƙi nutsewa, ya baje a sama. Sau uku Mama ta sa na maimaita.

Ranar da zan kai wa aji, ta ce ba za ta yarda a ɗora kular a babur ba, za ta girgize aikin ya lalace. Ita za ta kawo. Da ƙarfe goma na hango ta daga taga ta shigo ƙofar makaranta da kula a ka, sanye da zanin zumuntar matan cocinsu da farin ɗankwali, tana tafiya a miƙe ba ta ko riƙe kular ba. Na ba ta kujerata ta ƙi zama, ta tsaya daga bakin ƙofa.

Na ce wa yaran su buɗe littattafansu su nemo amsar da na ba su makonni biyu da suka wuce, su ja layi a kanta. Na ce kuskure na yi, na faɗi abin da ban sani ba. Ba su saba jin haka daga malami ba. Sannan suka zo layi-layi suna lasar ƙanƙarar da ruwan ƙasan, suna yamutsa fuska suna ture juna. Da aka zo zuba mai shuɗi, na ba wata yarinya kofin, ta kusa kwarara shi gaba ɗaya. Sai ga Mama ta baro bakin ƙofa ta kama hannunta, ta ce a hankali, kamar mai zuba wa jariri magani. Yara arba'in suka durƙusa suna leƙen ƙasan robar alawa. Na ce musu su ɗauka wannan gefen shi ne ƙuryar kudu, wancan kuma wajenmu, abin da suke gani cikin minti ɗaya a teku yana cin ɗaruruwan shekaru.

Yarinyar nan ’yar Garaku ta jira hayaniya ta lafa, ta sake ɗaga hannu. Ta ce to in wata rana sanyin ya ragu ƙanƙarar ta daina yi, ruwan ƙasan zai tsaya ke nan? Na ce mata ban sani ba, kuma wannan karon ba zan ƙaga ba. Shekaru da yawa bayan haka na ji a rediyo masana na tattauna wannan tambayar tata, su ma ba su gama sani ba.

A hanyar gida Mama ta ce mini sau biyu ta taɓa shiga aji a rayuwarta, ɗaya don jefa ƙuri'a, ɗaya don a faɗa mata laifin ɗanta. Ta ce yau ne na farko da ta shiga aka tashi tsaye aka gaishe ta.

Daga nan zamanmu ya canja. In na gama gyaran littattafai sai in ɗauki kujera ’yar tsugunno in koma ƙofarta, tana ɗura ruwa ina ƙullewa. Ta daina ce mini Malama sai in da baƙi, ta koma ’yata. Da azumi takan ware mini ƙanƙara ta buɗa-baki tun kafin masu saye su zo, da Kirsimeti takan sa a yanka kazarta a wurin mahaucin unguwa don in ci. Kowace shekara in lokacin darasin ya zo, ita ke tuna mini, ta wanke kular tun kafin in tambaya. Shekara biyar muka yi haka.

A cikin shekarun nan zuwan maigidana ya yi ta ja da baya. Juma'a ta koma Asabar saboda cunkoson mota a Mararaba, sannan ta koma mako biyu-biyu, sannan ofishinsu ya fara tura shi jihohi. Sau uku na nemi a canja mini wurin aiki zuwa kusa da shi, ana cewa makarantun wajen sun cika da malamai. Ba mu taɓa yin faɗa ba. In ya zo mukan gaisa, ya ba ni labarin mutanen da ban sani ba, in ba shi na waɗanda bai sani ba.

Da aka buɗe jami'a a Keffi, gidajen haya suka yi daraja. Magadan mai gidanmu suka sayar wa wani da zai rushe ya gina ɗakunan ɗalibai, aka ba mu wata uku. Ni na samu ɗaki a gidajen malamai na makaranta. Mama kuwa ɗanta ya ce ta koma wurinsa a Masaka, kan hanyar Abuja, inda ya kama gida shi da matarsa. Unguwar tasu ba a kai wuta ba tukuna, saboda haka firizar ta bar wa mai shago. Ranar tafiyarta ina tsaron jarrabawa. Tun da safe muka yi sallama a tsakar gida, ta dafa kaina ta yi mini addu'a da yarensu. Da na dawo ƙofarta a buɗe take, an share ɗakin.

Sai a hutun rabin zango na samu zuwa, ranar wata Laraba. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe na zuba a kwanon samira na hau mota. A tashar Masaka na yi ta kwatanta ɗanta har na sami direban da ya san shi, ya haɗa ni da mai babur. Unguwar sabuwa ce, gidajen bulo marasa fenti iri ɗaya, babu itace ko ɗaya, babu kowa a waje. Ƙofar gidan da kwaɗo a kulle ta waje. Har na juya, sai na ji an kira ni daga taga.

Tana zaune a bakin gado, fuskarta a jikin ƙarafunan tagar. Ta rame. Ta ce ɗanta da matarsa tun asuba suke fita Abuja, sai bayan isha su dawo. Suna kulle ta ne saboda ɓarayi, kuma saboda wata rana ta fita neman mai kayan miya ta kasa gane gidan, ta yini tana yawo. Ta ce kada in ga laifinsu, suna barin mata abinci da ruwa, kuma yaran kirki ne.

Na jawo wani bulo na zauna a ƙarƙashin tagar, na buɗe lema. Kwanon ya ƙi shiga tsakanin ƙarafunan, sai ta miƙo farantinta a karkace na riƙa sa mata malmala ɗaya-ɗaya, miyar kuma na zuba a kofi. Ta ci sosai. Ta tambayi mai shago, ta tambayi masu zoɓo kowacce da kwatancenta, ta tambayi ko an rushe gidan. Na ce an rushe, har sabon ginin ya kai linta. Sannan ta tambayi maigidana. Na ce yana lafiya.

"Ke fa, ’yata? Wa kike magana da shi yanzu?"

Na ce akwai malamai a kusa da ni. Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya ba.

Can ta ɗauko wata leda ta magunguna da aka ba ta a asibiti saboda ƙafafunta da ke kumbura. Ta ce matar ɗanta ta yi mata bayani da asuba tana sauri, ta manta wanne ne na rana. Na karanta takardun, na ciro jan birona na yi wa kowane ƙulli zane, layi ɗaya na safe, biyu na rana, uku na yamma. Ta maimaita mini har sau biyu. Da rana ta karkata ita ta ce in tashi, hanya na cika da yamma. Na ce zan dawo a babban hutu, in zo ranar Lahadi lokacin da ƙofa ke buɗe.

Na dawo kamar yadda na ce. Wata mata mai goyo ta buɗe mini, ta ce su sababbin shiga ne, wata biyu ke nan. Waɗanda ke ciki a da sun tashi, an ce sun koma can ciki inda haya ta fi sauƙi, amma ba ta san unguwar ba. Ta ce ta ji kamar an ce tsohuwar ta koma garinsu, ba ta tabbatar ba. A tasha direban da ya san ɗan nata ba ya nan, sauran kuma ba su gane wanda nake nufi ba. Na tsaya a bakin titi kusan awa guda kafin na sami motar Keffi mai sauran wurin mutum ɗaya.